Arzika da Wasan Dogo

Duk wanda ya saba sauka bakin ruwan Yelwa ya san Arzika, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai faɗin ƙirji da ke zama a rumfar masu ɗinkin koma, babban yatsan ƙafarsa riƙe da zare, idonsa kuma rabin lokaci a kan waya. Furfura ta riga ta ci gemunsa. Mai irin waɗannan shekaru in ka gan shi ya duƙufa a kan waya sai ka ɗauka wa'azi yake saurare. Arzika kuwa yaƙi yake yi.

Kafin yaƙin, masunci ne, kuma na baya. Su da birgi, wato komar jifa, mutum biyu ke yin sa. Ɗaya ya tsaya a goshin kwale-kwale da birgi naɗe a kafaɗa yana jiran lokacin jefawa, ɗaya ya zauna a baya da filafili. Na gaba ba ya magana, don kifi na ji. Na baya kuwa ba ya ganin ruwan da ke gabansa, mutum ya tare masa, sai dai ya karanta bayan abokinsa. In kafaɗar dama ta sauka, a karkata dama. In wuya ya miƙe, a tsaya cak. In diddige ya ɗaga, to birgi zai tashi, sai a danne jirgi kada ya kife da mutane.

Tun suna samari Arzika ke karanta bayan Bitrus. Bitrus Bagunge ne, ɗan ƙabilar Gungawa, daga wani ƙauye na bakin tafki kusa da Wara, dogo, mai son tsokana in an sauka tudu, shiru kamar dutse in an hau ruwa. Ran Juma'a shi ke jiran Arzika ya dawo masallaci, ran Lahadi Arzika ya kwana da sanin babu fita sai an tashi coci. Ko abinci a jirgi suke ci, Bitrus ya miƙo ƙullin ƙosai ta baya ba tare da ya juyo ba. Arzika ya san tabon ƙugiya da ke ƙasan allon kafaɗarsa, ya san yadda gumi ke fara jiƙa rigarsa daga tsakiya. Da wannan bayan ya yi aure, da shi ya rufa ɗaki da kwano, da shi ya kai 'yarsa Yasira makaranta.

Wata safiya suna tsakiyar ruwa, kafaɗar hagu ta Bitrus ta sauka. Arzika ya karkata hagu, kamar yadda ya yi sau dubbai. Ashe ba alama ba ce. Kafaɗar ta ci gaba da sauka, gwiwa ta bi ta, Bitrus ya zube cikin jirgi kan birginsa. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki.

Arzika ne ya tuƙo shi gaɓa, shi ya goya shi har mota, shi ya tsaya a asibiti har matarsa Asibi ta iso. Kowa ya yaba masa. Abin da ba kowa ya gani ba shi ne lokacin da Bitrus ya farfaɗo. Yana kwance rigingine, baki ya karkace, ido ɗaya na zubar da ruwa, yana kallon Arzika yana kokawa da sunansa. Arzika ya tsaya a ƙafar gado ya ji kamar an kawo shi gaban baƙo. Ya ce wa Asibi bari ya sayo ruwa. Bai koma ba.

Dangi suka mayar da Bitrus ƙauye. Damina ta wuce, wata ta shigo, Arzika bai je dubiya ba, a ƙasar da ko zazzaɓi ya kayar da mutum sai maƙwabta sun cika masa zaure. Ya san ana maganarsa. Kullum yana da dalili: yau iska, gobe aiki, jibi zai tafi in Allah ya yarda.

Ya gwada fita da wani, Enoch, mutumin kirki kuma gwanin jifa. Amma Enoch da baki yake tuƙa mutum. Hagu! Dama! Tsaya mana! Arzika ya ji kamar jaki aka mayar da shi. Ya jingine filafili a bayan ɗaki, ya koma ɗinkin koma.

A cikin wannan zama ne ƙanen matarsa ya bar masa tsohuwar waya, kuma a cikinta akwai wasan. Sunansa na Turanci ba wanda ya riƙe. Wani soja ne dogo, jaka a baya, bindiga a hannu, yana ratsa wata tashar jiragen ruwa da yaƙi ya rusa. Ba a taɓa nuna fuskarsa. Kana bayansa kullum, kana tura shi da babban yatsan hagu, ka laɓe da shi bayan buhuna, ka zagaya da shi ta lungu. In ka daidaita shi da maƙiyi, shi da kansa yake harbi. Arzika ya sa masa suna Dogo.

Wanda bai taɓa rasa abin tashi da safe dominsa ba, dariya zai yi. Amma Dogo ne ya fitar da Arzika daga ɗaki a watannin da ko gaisuwa ke yi masa nauyi. Ya dawo cin abinci. Ya dawo ba'a da masu banda. In ya tsallake da Dogo wani mugun wuri ba ko ƙwarzane, sai ya ajiye wayar a cinya ya ce, "Wanda ya ƙago wanga abu, ko wane addini yake bi, Allah shi saka mai." Da gaske yake, har zuci.

Sai batirin wayar ya kumbura kamar cikin mataccen kifi, ta mutu. Arzika ya sayi wata ta hannu, ya kai ta shagon Philip, mai tura fina-finai da wasanni a bakin kasuwa. Philip ya duba nan, ya duba can, ya girgiza kai. Kamfanin ya janye wasan, ba ya ko'ina.

A makon ne kuma Tamada, mai jirgin inji da ke zirga-zirgar Wara, ya tsaya a rumfa da saƙo. Asibi ta ce a gaya wa Arzika, Daniel ɗansu zai zo bayan girbi ya tafi da mahaifinsa Kaduna, kuma tafiyar ba ta dawowa ba ce. Mai son ganinsa ya zo. Arzika ya ce to, madalla, ya gode. Tamada na juya baya, ya naɗe komarsa ya nufi shagon Philip.

"Baba Arzika, zauna. Yau na samo maka wanda ya fi naka."

Arzika ya karɓa ya ƙura ido. Bakin bindiga kawai ake gani, da hannaye biyu.

"Ina mutumin?"

"Kai ne mutumin."

"Ni? Wa ya ce maka ina son in zama shi? Cire."

Washegari Philip ya sa masa wani, wanda ake zubo mutane daga jirgin sama su yi ta kashe juna sai ɗaya ya rage. Akwai baya, ba laifi. Amma kafin Arzika ya gane gabas, wata murya ta fito daga wayar tana zaginsa da Hausar Kano, wai wane ɗan ƙauye ne wannan ya tsaya kamar turke.

"Wa ke magana?"

"Abokin wasanka ne, Baba. Mutum ne na gaske, yana can garinsu."

"Ka gaya mai ina da ɗiya da ta girme shi. Cire."

Na uku sojan gashinsa kore ne, kuma in ya kashe mutum sai ya taka rawa. Arzika ya miƙa wayar kawai. Masu zaman shagon suka fara jiran zuwansa kamar yadda ake jiran fim. Philip kuwa bai taɓa gajiya ba, ko don abin na ba shi dariya, ko don shi ma ya san daɗin abu in ya ɓace. Har waya ya riƙa bugawa abokan sana'arsa na Kontagora da Birnin Kebbi yana kwatanta musu wasan.

Rannan Philip ya tare shi tun daga ƙofa. "Wannan kam in ka ce cire, na bar sana'a."

Arzika ya zauna. Dogo ne, ko ɗan'uwansa: faɗin bayan, jakar, har yadda yake ɗan duƙawa in zai ruga. Ya ɗora yatsan hagu, mutumin ya taka. Ya zagaya da shi bayan wata mota, ya fito da shi daidai kan maƙiya uku, ya daidaita shi tsaf, ya jira.

Aka harbe shi.

Ya sake. Ya kawo shi wuri mai kyau, inda ko makaho ba zai kuskure ba. Mutumin ya tsaya riƙe da bindiga kamar mai jiran hoto. Aka sake harbe shi.

"Baba, harba mana! Ga maɓallin nan a dama!"

"Shi ba ya da hannu?"

Shago ya kwashe da dariya. Philip ya share hawaye ya dubi yadda Arzika ya riƙe wayar: yatsan hagu na aiki, hannun dama kuwa tallafe kawai yake, kamar mai riƙe da faranti.

"Wai duk zaman nan da ka yi da Dogo, ba ka taɓa harbi ba?"

"Aikina in kai shi wurin. Jifa nashi ne."

"Harbi dai."

"Shi na ce."

Philip ya yi masa bayani a hankali. Tsohon wasan mai harbi da kansa ne, irinsa ya yi wuya yanzu. Wannan sai ka tuƙa da hagu, ka auna ka harba da dama, duk a lokaci ɗaya. Arzika ya gwada. In ya tuna dama sai hagu ta tsaya, in ya koma hagu sai bindiga ta kalli sama. Bai ce a cire ba dai. Ya sa wayar a aljihu ya tafi gida.

Ya tarar da matarsa Zulai'atu a bakin bandarta tana juya tarwaɗa, hayaƙi ya sa idonta ja. Ya zauna kan turmi ya ciro wayar. Ta leƙo ta kafaɗarsa, ta daɗe tana kallo.

"An samu?"

"Kusan shi ne. Sai dai ba ya harbi."

"Uhm." Ta koma kan kifinta. "Baban Yasira, dawa ta fara sunkuyar da kai. Ka gani?"

"Na gani."

"Ni dai ban san wasa ba. Amma tun wancan na farko na lura, in Dogon nan naka zai karkata, kafaɗa yake fara saukewa. Na ce a raina, wanga tafiya na san ta." Ta ɗaga wani kifi ta duba cikinsa. "Mutum shina nan da ranshi, jirgi guda zai kai ka ƙofar gidanshi. Kai kuwa kana yawon shago kana neman mai kama da shi. Har Kontagora an buga waya."

Arzika ya buɗe baki zai kawo iska da aiki, ya ga ba za su shiga nan ba.

Ya daɗe yana gaya wa kansa tausayi ne ya hana shi zuwa, wai ba zai iya ganin ƙato kamar Bitrus a kwance ba. Wannan dalili ne mai kyan gani, ana iya faɗinsa a zaure. A ƙarƙashinsa akwai wanda ba ya faɗuwa: haushi. Bitrus ya faɗi ya bar shi rabin masunci, mai filafili ba mai jifa, kuma ba dama ka yi fushi da mara lafiya. A can ƙasa kuma akwai ƙaramin abu mai ban kunya. Bai san abin da ake yi a gaban Bitrus ba. Duk hirar da suka yi a rayuwa, in ka cire tsokana da rabon kifi, ba za ta cika ƙwarya ba. In ya je ya zauna suna fuskantar juna, bayan ya jiki, sai me?

"In na tahi, mi zan ce mai?"

"Da can mi kake ce mai?"

"Ba komi."

"To tahi ka ce mai ba komi."

Ran kasuwar Wara ya hau jirgin Tamada da ƙullin banda a cinya. Da Tamada zai sauke shi ya ce in la'asar ta yi zai biyo, ya tsaya a gaɓa, ba ya jira.

Gidan na kan tudu, ana hango ruwa daga tsakar gida. Asibi na sheƙe gero ta hango shi. Ta ajiye faifai, ta riƙe ƙugu.

"Lale, lale! Ga mai sayen ruwa ya dawo. Ruwan ya samu, ko har yanzu ana layi?"

Arzika ya durƙusa kamar gaban suruka. "Asibi, ki yi mani aikin gafara."

"Tashi, kada ka ɓata wandonka. Ba ni ka yi wa ba. Shina can gindin mangwaro."

Bitrus na zaune kan benci, an tokare shi da matashi ta hagu. Ya rame. Hannun hagu na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Arzika ya tsaya gabansa, ya kafa ido a ƙasa, ya jero gaisuwa: ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya iyali, Allah shi ƙara sauƙi. Bitrus na amsawa, kalma na fitowa da nauyi kamar ana jawo ta daga laka. Gaisuwa ta ƙare. Kaza ta wuce. Arzika ya dubi kazar har ta ɓace. Abin da ya ji tsoro ya zo, daidai yadda ya zata.

Hannunsa ne ya cece shi, don ya saba in zama ya yi tsami sai ya shiga aljihu. Kafin ya ankara wayar na hannunsa, ƙarar harbi ta tashi.

"Mi... ne ne?"

"Wasa ne. Na yara."

"Kawo."

Ba yadda za a nuna wa mutum waya ana tsaye a gabansa. Arzika ya zagaya, ya janye matashin, ya zauna a gurbinsa. Nauyin Bitrus ya sauko kan kafaɗarsa ta dama. Ya riƙe gefen hagu na wayar ya tura sojan, ya kai shi kan maƙiya, aka harbe shi.

"Rago," in ji Bitrus. "Ina ake... jifa?"

"Nan. Ka ja yatsa ka auna, ka danna nan."

Hannun dama na Bitrus, mai lafiyar, ya kama ɗaya gefen. Zagaye na farko ya harbi sama. Na biyu ya harbi mota har ta kama wuta ta cinye su duka. Bitrus ya yi wata dariya mai kama da tari, har Asibi ta leƙo a tsorace. A na uku Arzika ya zagaya da sojan ta lungu, ya fito da shi a hankali, ya tsayar. Yatsan Bitrus ya ɗan jira, irin jiran nan nasa da ke sa ka ɗauka ya yi barci, sannan ya danna. Mutum biyu suka zube.

"Ka gani?" Bitrus ya ce. "Matsa... dama."

Amma Arzika ya riga ya matsa, don ya ji jikin da ke jingine da shi ya karkata kafin bakin ya gama.

Suka wuce motar, suka wuce wata gada, suka shiga inda Arzika bai taɓa kaiwa ba. Asibi ta kawo kunu ya huce a gefe. Aka kashe su ya fi a ƙirga, kowane karo Bitrus ya ce laifin matuƙi ne, Arzika ya ce mai jifa ne ya tsufa. Suna bakin wata ƙofar ƙarfe, maƙiya na ɓullowa ta ko'ina, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta ɗauke. Caji ya ƙare.

Gilashin ya yi baƙi, kuma a cikinsa ga fuskoki biyu kafaɗa da kafaɗa. Arzika ya kalli ta daman. Bakin a karkace yake, yawu ya gangaro har haɓa, don Bitrus ya shagala bai goge ba. Arzika ya jira tsoron nan na asibiti ya taso. Bai taso ba. Ya ajiye wayar, ya juya sosai, ya kama bakin rigarsa ya goge masa haɓa.

Bitrus ya ƙare masa kallo da idonsa mai kyau, sama da ƙasa.

"Ashe... haka kake da muni? Allah ya taimake ni... da na ba ka baya."

Arzika ya yi dariya har ta juye ta zama wani abu, ya sunkuyar da kai ya bar ta ta wuce. Bitrus bai ce masa ya yi shiru ba.

Da ya natsu ya ce, "An ce Daniel zai tahi da kai."

"Zan tahi. Akwai likita can... mai gasa ƙashi." Ya numfasa. "Amma dawa ba ta bushe ba tukuna."

Daga gaɓa aka jiyo inji, sannan muryar Tamada tana kiran masu Yelwa. Arzika ya miƙe rabi, nauyin Bitrus ya biyo shi, ya koma ya zauna. Ya yi hamdala a ransa, ga Zulai'atu da bakinta, ga Philip da haƙurinsa, har da wasu mutane can wata ƙasa da suka ƙago sojan wasa suka ƙi ba shi harbi da kansa. Tamada ya sake kira. Injin ya ja, ƙararsa ta yi nisa.

"Asibi," Arzika ya ɗaga murya, "akwai mai cajin waya garin nan?"

"Akwai mai sola bayan coci. Jirginka fa ya tahi."

"Na ji shi."

Ta dube su su biyun, ta girgiza kai, ta koma rumbu ta ƙaro gero.